Kada ka ƙara masa ko sisi sai an auna aikin

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, ka ba ɗan kwangila jingar gida mai ɗaki uku da falo, kun yi da shi wata shida, ka riga ka ba shi fiye da rabin kuɗin, ga shi an doshi shekara gini yana linta. Yanzu kuma ya ce ba zai ɗora ko bulo ɗaya ba sai ka yi ƙari, wai kaya sun tashi. Kana tambaya ka ƙara masa ne ko ka kai shi wajen 'yan sanda.

Duka biyun ka dakata tukuna. Na tsaya a kan ginin gidana, na kuma tsaya wa wani yayana da ke aiki a kudu, kuma a nasa mun sha irin wannan rigimar. Abin da na gani shi ne muddin kuna musu a kan watanni, ba za ku gama ba. Kai ka ce ya makara, shi ya ce damina ce, leburori sun tafi gona, mai yashi ya yaudare shi. Abin da ba ya jayayya shi ne ginin da ke tsaye. Ka nemo mai ƙiyasin kuɗin gini, in babu hali ko tsohon magini wanda ba ya cikin yaran ɗan kwangilar, ku haɗu a filin da shi da shaidu. A auna bango, kusan bulo goma ke shiga murabba'in mita ɗaya. A ƙirga ginshiƙai, a ga rodi mai lamba nawa aka sa, a lissafa fandisho da cikon ƙasa, a haɗa da abin da ke ajiye. Sai a yi musu kuɗi da farashin lokacin da aka yi aikin, ba na yau ba. A ɗora wannan a gefen abin da ka tura masa.

Ranar da muka yi namu awon, mutumin ya rantse akwai siminti a ajiye. Aka buɗe ɗakin mai gadi, sai ga 'yan buhuna a ƙasa ba ko katako a ƙarƙashinsu, sun sha danshi sun zama dutse. Daga nan muryarsa ta sauka. Daga baya muka ji yana da wani aikin a wata unguwa, can kuɗinmu suka tafi toshe rami. Yawancinsu ba ɓarayi ba ne, aiki suke karɓa fiye da ƙarfinsu, suna juya kuɗin wannan a ginin wancan.

Maganar tashin kaya kuwa, kada ka yi saurin ƙaryata shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin tifar yashi da dakon bulo suka canza. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin siminti na Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu aka ce a sayar tsakanin 7,000 da 8,000. Wanda ya karɓi jinga kafin irin wannan tashin ya ji jiki da gaske. Amma tambayar ita ce: yaushe kuɗinka suka shiga hannunsa, yaushe kayan suka tashi? In ka ba shi kuɗin rodi da siminti ya riƙe bai saya ba har farashi ya gudu, asarar tasa ce. In kuwa kai ne ka yi jinkirin biya, ko Hajiya ta zo ta ce a faɗaɗa kicin a ƙara banɗaki bayan an fitar da harsashi, to a nan yana da gaskiya, ka biya bambancin. Ka koma saƙonninku na WhatsApp da shaidar tura kuɗi ta banki, kwanan wata na nan a jiki.

Batun 'yan sanda ka ajiye shi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, sai fa in akwai zamba a fili, kamar ya sayar da kayanka ko ya kawo rasit na bogi. Ko an tsare shi ya kwana, beli zai yi ya fito da haushinka, gininka kuma yana nan yana shan rana.

In awo ya nuna kuɗinka sun fi aikin, ku zauna gaban mai unguwa ko wani babba da yake jin nauyinsa, musamman wanda ya haɗa ku. A rubuta sabuwar takarda, kowa ya sa hannu: ga abin da ake bin sa, ga matakin da zai kai da shi ba tare da an ƙara masa komai ba, ga rana. Daga nan kaya kai za ka riƙa saya a sauke a gabanka, shi kuɗin aiki kawai zai karɓa, shi ma sai mataki ya kammala: rufi, filasta, wuta da famfo, tayil. Ka riƙe kashi 5 cikin 100 har wata shida bayan ya miƙa makulli, manyan kwangiloli ma haka ake yi, domin yoyo da tsagewar bango sai an yi ruwa suke fitowa.

In ya ƙi zama, rubutaccen gargaɗi daga lauya yakan motsa mutum. A Kano akwai kotun ƙananan ƙararraki da aka buɗe a 2019 don irin waɗannan basussukan, akwai kuma zauren sulhu na babbar kotu, ga kotunan shari'a. Takardar awon nan ita za ka riƙe a hannu.

Ko da ka yanke shawarar sallamarsa, kada sabon magini ya taɓa ginin sai an gama awo, an ɗauki hoto da bidiyo, an sanar da tsohon a rubuce. Da zarar wani ya ɗora layi biyu a kai, tsohon zai ce aikinsa ne aka haɗe, kuma raba su a gaban alƙali wahala ne.