Tambaya da Amsa: In sayar da shagona na Kumasi in koma Busua?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan waya a Aboabo, cikin Kumasi, ga mata da yara uku. A hutun Disamba muka je Busua, wani ɗan gari na bakin teku a yammacin Takoradi. Na ga Turawa da mutanen Accra sun cika wurin, abinci yana tsada, kuma ban ga mai tuwon zafi ko waakye (shinkafa da wake) na kirki ba. Wani ya nuna mini fili dab da ruwa. Ina tunanin in sayar da shagon, in gina ɗakunan baƙi huɗu, maiɗakina ta riƙa yin abinci. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayar da shagon tukuna. Busuar da ka gani ta Disamba ce, kuma wadda za ka zauna a cikinta ta wata goma sha biyu ce.

Disamba ne ganiyar kasuwar yawon buɗe ido a Ghana, musamman tun 2019 da gwamnati ta yi gangamin gayyato jikokin bayin da aka kwashe zuwa Amurka su zo ganin gida. Bayan shi sai hutun Ista, sai ɗan motsi a Yuli da Agusta lokacin da Turawa ke hutu. Amma gaɓar tekun yamma tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a ƙasar. Daga Mayu zuwa farkon Yuli ana tafka ruwa, Yuni ne mafi tsanani. A lokacin za ka iya tsayawa a bakin ruwan nan da ka ga ya cika, ka ƙirga baƙin da yatsun hannu ɗaya: kujerun roba a kife, masu hayar allon hawan igiyar ruwa suna zaune suna latsa waya. Ga kuma ciyawar teku mai ruwan ƙasa da ke tasowa ta jibge a gaɓar yankin wasu lokuta tun wajen 2011. In ta ruɓe, warinta kaɗai ya isa ya kori baƙo.

Saboda haka ka sake lissafi. Ka ɗauka ɗakunanka huɗu za su cika a makonni kaɗan na shekara, su yi rabin cika a ƙarshen mako, su zauna a rufe sauran lokaci. Kuɗin wuta, albashin mai shara da kuɗin makarantar yara kuwa ba su san damina ba. In lissafin ya tsaya da ƙafarsa a haka, to akwai magana.

Ni a ganina abincin ya fi ɗakunan makoma, amma da sharaɗi: a dafa shi domin mutanen gari. Masunta, direbobin tasi, malaman makaranta da ma'aikatan otal suna cin waakye da koko da ƙosai kullum, da farashin da aljihunsu zai ɗauka. Baƙo in ya zo, riba ce a kai. Sai dai garin ƙarami ne, bakunan da za a ciyar ba su da yawa, kuma akwai matan ƙabilun Ahanta da Fante da suka daɗe suna ciyar da su. Ka duba ko Agona Nkwanta, hedikwatar gundumar Ahanta ta Yamma, inda kasuwa da tashar mota suke, ba ta fi dacewa da tukunyar maiɗakinka ba. Daga can zuwa Busua gajeriyar tafiya ce.

Akwai wata magana da mutanenmu ba sa son a taɓo sai an zuba kuɗi: giya. Yawancin masu masauki a bakin teku daga abin sha suke samun kaso mai tsoka na ribarsu. In ba za ka sayar ba, kuma na san da wuya ka yarda, to ka sa a ranka wasu baƙin za su kwana wurinka su kashe kuɗinsu a maƙwabta. Ana iya mayar da wannan abin talla, a nemi iyalan Musulmi daga Kumasi, Accra da Tamale masu son wurin hutu mai natsuwa da abincin halal. Kasuwa ce ta gaske, amma gina ta yana ɗaukar shekaru.

Sai batun filin, inda aka fi yin kuka. Yawancin ƙasa a yankin tana hannun sarauta ne ko dangi. Abin da ake ba ka haya ce ta dogon zango, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa in na gidan zama ne, wanda ba ɗan Ghana ba kuwa tsarin mulkin 1992 ya taƙaita masa shekara 50. Wanda ya nuna maka filin, wane ne shi a gidan da ke da shi? Sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku tsohuwar cuta ce a gaɓar nan. Kafin ka ba da ko sidi ɗaya, a kai taswirar filin ofishin Hukumar Filaye na yankin a Sakandi (Sekondi, dab da Takoradi) a yi bincike, ka ɗauki lauya, ka kuma tambayi maƙwabtan filin ba tare da dillalin yana tsaye ba. Ka tambaye su inda ruwa yake kaiwa shekara goma da suka wuce, domin teku na cin gaɓar Ghana a wurare da dama, kuma fili "dab da ruwa" shi ne na farko a layi. Iskar gishiri ma tana da nata haraji: kwanon rufi, ƙarfen taga, firji da fanka duk suna tsatsa da wuri fiye da yadda ka saba a Kumasi. Masauki kuma yana buƙatar lasisin Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Ghana da izinin majalisar gunduma.

Ka yi tunanin gidanka. A Aboabo, kiran salla ne ke tashe ku, makarantar allo tana bayan gida, in haihuwa ko rasuwa ta zo unguwa ce ke ɗauke muku nauyi. Busua garin masunta ne da Kiristoci suka fi yawa. Ka je ka ga masallacin da za ka yi Juma'a, ka ga wanda zai karantar da yara, ka san inda ake samun naman yanka. Akwai asibitin gwamnati a Dixcove nan kusa, amma babban ciwo sai asibitin Effia Nkwanta a Sakandi, kimanin awa guda a mota in hanya ta yi kyau. Ita Hajiya, an tambaye ta? Ita za ta fi kowa jin kaɗaici, kuma ita ce za ta tsaya a kan murhu.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ka bar shagon a hannun wanda ka amince da shi, ka je Busua a watan Yuni kai kaɗai, ka kama ɗaki na wata guda. Ka riƙe littafi: baƙi nawa suka kwana a masaukai uku da ka zaɓa, sau nawa aka ɗauke wuta, nawa ake sayar da buhun shinkafa da gawayi idan aka haɗa da kuɗin mota daga Takoradi. In har yanzu ranka na so, ku kama hayar wuri ku fara abincin na shekara ɗaya. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, ko da yake a aikace za a nemi na shekara ko biyu, don haka ka yi ciniki. Maganar fili da tubali ta jira sai kun ci damina ɗaya a can da kuɗin da tukunyar ta kawo.