Koyar da Faransanci ta hanyar warware matsala: yaya za a yi da aji mai ɗalibai 80?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da Faransanci a jami'a, 'yan aji biyu, su 80, awa biyu a mako. Sashenmu ya ce mu gwada tsarin koyo ta hanyar warware matsala. Da na gwada, sai ɗaliban suka yi ta muhawara da Hausa da Turanci, ƙarshe suka kawo mini takardar da manhajar waya ta fassara musu. Ina gyaran yake? Daga wata malama.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika gani ba baƙon abu ba ne, kuma yana da asali. Wannan tsari a makarantar likitanci ya samu, a Jami'ar McMaster ta Kanada a 1969, daga baya Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan ta ɗauke shi ta shahara da shi. Ɗalibin likita idan ya gano cutar ya ci riba, ko da wane harshe ya yi tunani. A ajinki kuwa harshen shi ne darasin. Saboda haka ki zaɓi matsalar da ba za ta warwaru ba sai da Faransanci.

Ga misali. Idan kika ce ɗan kasuwar Kano ya kai kaya Maraɗi yana neman mai saye, kin ɓata aikin tun daga farko, domin kowa ya san da Hausa ake ciniki a Maraɗi. Amma ki ce ya aika buhu 200 ta hanyar Jibiya, aka sauke 185, takardar karɓar kaya da ta kamfanin sufuri duk da Faransanci suke, kuma adadin da ke cikinsu bai zo ɗaya ba. Kamfanin ya ce sai an rubuto ƙorafi cikin kwana bakwai. Ki haɗa takardun da kanki, kada su wuce uku, kowace shafi ɗaya. Yanzu dole su karanta da kyau su gano inda lissafin ya saɓa, su ba da labarin abin da ya faru da passé composé (sigar aikatau ta abin da ya wuce), su nemi diyya cikin ladabi da conditionnel (sigar aikatau ta sharaɗi da roƙo). Nahawun da ke cikin manhajarki ke nan, sai dai wannan karon su ne za su zo neman sa.

Ki raba su rukuni goma, mutum takwas-takwas, ke za ki raba, kada ki bar abokai su tattaru. Kowane rukuni da shugaba da magatakarda, a riƙa sauya su a kowace sabuwar matsala. Matsala ɗaya ta ci mako biyu. A zaman farko a bi matakai biyar na farko daga cikin matakai bakwai da Jami'ar Maastricht ta tsara: su fayyace kalmomin da ba su gane ba, su faɗi matsalar a jimla ɗaya, kowa ya kawo abin da ya sani, a jera shi, sannan su rubuta abin da suke buƙatar koya. Wannan na biyar shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kada rukuni ya tashi sai kin ga jerinsu, kuma aƙalla biyu daga ciki su zama na harshe, kamar yadda ake buɗe wasiƙar hukuma da rufe ta. Mataki na shida bincike ne na kowa shi kaɗai a cikin mako, na bakwai su dawo su haɗa abin da suka samo.

Batun Hausa da Turanci, hana su kwata-kwata ba ya aiki a aji biyu, shiru kawai za ki samu. Ki ba su minti goma na farko da harshen da suka ga dama, amma duk abin da magatakarda zai rubuta, da duk abin da za a faɗa miki, da Faransanci. Ki liƙa musu jimloli kamar goma sha biyu na yarda da ƙin yarda da neman ƙarin bayani. Mutum ɗaya ba zai iya sa ido kan rukuni goma ba, don haka ki nemi 'yan aji huɗu da suka dawo daga Ƙauyen Faransanci na Badagry (cibiyar da ɗaliban Faransanci ke zuwa don gogewa da harshen), ko da mutum biyar ne, kowane ya riƙe rukuni biyu. Ki gargaɗe su cewa tambaya ce aikinsu, ba ba da amsa ba.

Kada ki daina koyar da nahawu. A zama na biyu su rubuta daftarin wasiƙar da hannu a gabanki, waya a jaka. Ki zagaya ki tsinci kurakurai uku da suka fi yawa, ki tsayar da aji ki yi minti ashirin a kansu, su koma su gyara. Da wannan kin toshe ƙofar fassarar waya.

Sai maki. Idan na gwajin cikin zango 30 ne, ki ba aikin rukuni 10 kacal. Goma kuma na kare aikin da baki, ki zaɓi mai magana da ƙuri'a a nan take, ta yadda 'yan cin bulus ba su da maɓoya. Sauran goman kowa ya rubuta irin wasiƙar shi kaɗai a kan wata matsala mai kama da ita. Jarrabawar ƙarshe ma ta ɗauki tambaya irin wannan, in ba haka ba ɗalibai za su koma haddar takardun darasi. A zangon farko matsala uku ta isa, sauran makonnin ki koyar yadda kika saba.