Dakta a Wata 6? Amsoshin Wasiƙunku kan Karatun Fassara

Wani malamin sakandare daga Argungu ya ce digirinsa na farko a Turanci ne, amma da mataki na uku ya fita. Yana son digiri na biyu a fassara. Ina zai nufa?

Malam, da mataki na uku yawancin jami'o'inmu ba za su ɗauke ka kai tsaye ba, sai ka fara yin difloma ta gaba da digiri. Kada ka ji ƙyashin shekarar. Fara tuntuɓar Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tunda ta fi maka kusa. Akwai Bayero a Kano, wadda ke da cibiya sukutum ta nazarin harsunan Nijeriya da fassara, akwai kuma Ahmadu Bello a Zariya. Sau da yawa digirin na Hausa ne ko na kimiyyar harshe, kundin bincikenka ne zai kasance a kan fassara. Don haka kafin ka sayi fom, je da ƙafarka ka tabbatar akwai malamin da zai duba aiki a wannan fanni.

Wani matashi daga Kamba ya rubuto: "Wani dillali ya ce in kawo naira miliyan 2, cikin wata 6 ya karɓo mini takardar dakta a fassara daga Kwatano, kundin ma su za su rubuta. Ina jin Hausa da Zabarmanci da Faransanci. In biya?"

Ƙanena, kada ka ba shi ko sisi. Tambayar nan ta ɓata mini rai, don ka san amsarta kafin ka rubuto. Digiri na uku na gaskiya, wato daktan da kake nema, ba ya kasa shekara 3 ga mai karatu na cikakken lokaci, kuma sai bayan digiri na biyu. A ciki akwai gabatar da tsarin bincike gaban malaman sashe, da komawa gyara sau ba adadi, sannan ranar kare kundi, ranar da mai jarrabawa zai zo daga wata jami'a ya buɗe shafin da ya ga dama ya ce ka yi bayani. Wanne daga ciki dillalinka zai yi maka a wata 6?

Ko ka manta abin da ya faru? A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano ta Jamhuriyar Binin cikin mako 6. A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digirin Binin da Togo, daga baya ta ce jami'o'i 8 kaɗai ta amince da su a ƙasashen biyu, 5 a Binin, 3 a Togo. Wanda ya sayar da gona ko shanun gida ya sayo irin wannan takarda, wa zai mayar masa da kuɗinsa?

Kuma fassara sana'a ce da ba ta rufa wa mai ƙarya asiri. Ranar da aka miƙa maka takardar kotu mai shafi 2, ko bayanin yadda za a sha magani, aka ce mayar da ita Hausa yanzu, babu dillalin da zai tsaya bayanka. In ka karkatar da jimla ɗaya a gaban alƙali, haƙƙin wani ne ya salwanta, alhakin kuma a wuyanka. Haka nake faɗa wa masu biyan kuɗi a rubuta musu kundi a nan gida, don jirgi ɗaya ya kwaso ku.

Abin da ya fi ba ni takaici, kana da abin da masu takardar ke nema. Hausa da Zabarmanci da Faransanci a bakin iyaka dukiya ce. Ka gyara rubutunka a cikinsu, ka duba jerin jami'o'in da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da su, ka bi hanya a hankali.

Wata malamar kwalejin ilimi a Gusau ta ce tana shirin sayar da filinta don digiri na uku, amma barci ya ƙaurace mata, don ana cewa na'ura ta gama ƙwace aikin fassara.

Malama, kwantar da hankalinki. Na'ura tana fassara Hausa, gaskiya ne, kuma ta rage ƙananan ayyuka. Amma ba ta bin Sakkwatanci yadda ya kamata, karin magana na ba ta wahala, harsuna irin su Dakarci kuwa ba a tara musu rubutun da za ta koya ba. Duk abin da ta fitar sai masani ya bi ya gyara, wannan ma kansa fagen bincike ne mai kyau gare ki. Fili kuwa, ki dakata. Tunda kina koyarwa a makarantar gwamnati, nemi tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta ofishin kwalejinku tukuna, ki kuma nemi hutun karatu a rubuce. Ki lissafa kuɗin mota da masauki na shekaru, ba kuɗin makaranta kaɗai ba, don zirga-zirgar ganin malami ita ke cinye aljihu, ga halin da hanyoyinmu ke ciki. Allah ya ba ki sa'a.

Wani ɗalibi daga Talatar Mafara yana tambaya ko ya ci bashi ya sayi sabuwar kwamfuta mai tsada.

A'a. Rubutu za ka yi, ta hannu mai lafiya ta ishe ka. Batir za ka duba, saboda wutarmu. Ka sa a caza ta a gabanka, a zare waya, ka zauna a shagon ka ga tsawon lokacin da za ta riƙe, kuma kada ka biya sai da rasit. Sa a saka maka allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ. Canjin da ya rage ka sayi Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, kuma kowane babi ka gama ka tura wa kanka kwafi ta imel a ranar.