Jitar katako zalla ko ta manne?

Kai yaro, wai wacce za ka ce wa mai saye ya ɗauka, jitar katako zalla ko ta manne? Aje wayar nan tukuna, ba na magana da ƙeya.

Zaƙin murya na ta katako zalla ne, wannan ba abin musu ba ne. Fuskarta falle ɗaya ce, kaurinta wajen milimita 3, kuma tana ƙara daɗi da shekaru. Ta manne kuwa siraran falle ne aka gicciya aka haɗa da gam, muryarta a shaƙe take. Amma nan Garwa ce, arewacin Kamaru. Masu ƙera ta zalla so suke ta zauna a iska mai danshin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Ina hunturunmu ina wannan? Leɓenka ma darewa yake yi.

Akwai wani mai kiɗan biki, ba zan kama suna ba. Ya sayo mai tsada daga Duwala, baya da gefe duk sapele, katakon kurmin kudu. Janairu na kamawa ta tsage daga jaki, wato ɗan katakon da ke riƙe tsirkiya a fuskarta, har gindi. Ya shigo nan kamar zai yi kuka. Na kulle ta a akwatinta da jiƙaƙƙen soso har bakin tsagar ya haɗu da kansa, na ɗura gam, na zura hannu ta ramin tsakiya da ɗan madubi na lilliƙa ƙananan faci daga ciki. Ko da fitila ba ka gane wurin. Muka yi ciniki sefa dubu 25, ya ba da dubu 5, wai saura sai bayan biki. Na ja masa kunne: akwati, soso, kuma kar ta yini a mota.

Cikin Afirilu ya tafi wasa Marwa ya bar ta a bayan mota da rana tsaka. Gam ya saki, jaki ya ɗaga, sabuwar tsaga ta fito can wani gefe. Facina ko gezau! Amma mutumin nan ya zaga gari yana cewa ni na kashe masa jita, har makaɗan coci da ke kawo mini aiki suka ɗauke ƙafa. Cikon kuɗina kuwa shiru kake ji. Yanzu in muka haɗu a kasuwa sai ya kama kallon sama. Allah ya isa.

To mai yawon biki da ɗan koyo, ba su ta manne irin Yamaha F310, tana jure wahala. Mai natsuwa da zai iya reno shi ya cancanci FG800, mai fuskar katako zalla. Daidaita wuya da ɗaura tsirkiya ba zan ɓata bakina a kai ba.

Ku 'yan yanzu sunan kamfani kuke haddacewa a YouTube, katako kuwa ba ku san shi ba. Ɗauko waccan ka leƙa bakin ramin. In jijiyar katakon ta zarce daga sama har ƙasa, zalla ce. In ka ga hawa-hawa, ta manne ce, ko da mai shago ya rantse maka.