Labule Ba Tare da Ɗinki Ba: Amsoshin Wasiƙunku

Tun da na ambata cewa ana iya haɗa labule a gida ba tare da an taɓa allura ko keken ɗinki ba, wasiƙu suka yi ta shigowa, wasu na masu buƙata ta gaskiya, wasu kuma na waɗanda suke neman in sa musu hannu a kan ɓarnar da suka riga suka yanke shawarar yi. Ga waɗanda na zaɓo.

Tambaya: Anti, ni amarya ce a Zariya, muna zaune a ciki da falo na haya mai tagogi uku. Labulen da aka yi mini jere da shi na falo ne kawai, tagar ɗaki kuwa zani na maƙala da ƙusa, kuma kunya nake ji idan dangin mijina suka leƙo. Ina da turamen atamfa biyu na lefe da ban ɗinka ba, amma ban iya ɗinki ba, mijina kuma malamin makaranta ne, ba na son in ɗora masa nauyi. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, ki kwantar da hankalinki, domin macen da ta rufe tagarta da abin da take da shi maimakon ta tayar wa mijinta da hankali ba ta yi abin kunya ba. Turmi ɗaya ya ishe ki. Ki fara da awo, kuma ki auna da tef ɗin tela, kada ki auna da ido ko da kamu. Labule yana buƙatar faɗin da ya kai na taga sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu, don ya yi tattara ya zubo da kyau. Idan aka yanka shi daidai faɗin taga, sai ya tsaya a miƙe kamar an shanya zanin gado. Turmin atamfa yadi 6 ne, kowane yadi inci 36 ne, faɗin atamfar kuma yakan kai inci 45 ko ya ɗan ɗara. Idan tagarki ƙafa 4 ce a faɗi da tsawo, kamar yadda aka fi yi a gidajen haya, ki yanka fallaye biyu, kowanne yadi 2, ki ajiye ragowar yadi 2 don rigar matashi ko labulen ƙaramar taga. Idan kuwa kina son ya sauka har ƙasa, ki raba turmin gida biyu, yadi uku-uku, ki rage abin da ya yi yawa bayan kin gwada shi a jikin bango.

Kafin ki sa almakashi, ki wanke atamfar ki shanya ta a inuwa ki goge. Dalili biyu ne: auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, sannan sitacin da ke jikin sabuwar atamfa yana hana gam kamawa. Gam ɗin da nake nufi shi ne siririn farin nan mai kama da saƙar gizo-gizo, wanda masu sayar da zare da maɓalli suke sayarwa a naɗe, teloli suna kalmasa bakin riga da shi. Ki kalmashe ƙasan fallen kamar inci ɗaya ki goge, ki sake kalmashewa inci uku ki goge, sannan ki shimfiɗa gam ɗin a cikin ninkin, ki ɗora tsumma mai ɗan damshi a sama, ki danna dutsen guga kamar daƙiƙa goma a kowane wuri. Dannawa za ki yi ki ɗaga, kada ki riƙa jan dutsen, kuma kada ki taɓa wurin sai ya huce sarai, domin a lokacin hucewar ne yake kamawa. Dutsen gawayi ma yana yi, muddin kin kula da toka. Gefe da gefen atamfa ba ya warwarewa, sai dai ki ninke inda aka buga rubutun kamfani ya koma ciki. A sama kuma, ko dai ki bar ninkin ya yi faɗin da sanda za ta shige, ko ki sayi zobban labule masu baki kamar abin maƙale shanya, ki jera bakwai ko takwas a kowane falle. Ni na fi son zobban, saboda nauyin labule ba ya rataya a kan gam. Ranar wanki ki cuɗa da hannu a ruwan sanyi, kada ki jiƙa shi ya kwana, kada kuma ki murɗe bakin. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya buɗa wa maigidan.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Kano. Zan iya manne bakin labule da sufa gulu? Na ga yana kama komai.

Amsa: Ɗana, ba ya kama komai, kuma da ka tambayi ko da mai gyaran takalmi da ka huta da rubuto mini. Wannan gam idan ya haɗu da auduga yana ɗaukar zafi, har yakan yi hayaƙi ya ƙona yatsa, inda ya bushe kuma yadin yakan sandare ya karye. Ka sayi katin fil, ka kalmashe bakin ta baya ka soke, ka zura igiyar labule mai sifirin a sama. Ɗakin da za ka bari bayan zango biyu bai cancanci fiye da haka ba.

Tambaya: Hajiya, zan aurar da 'yata bayan Sallah. Wani mai shago ya nuna mini labule ya ce ɗan Turkiyya ne, kuɗinsa ya kusa na katifa. Ƙawayena sun ce idan na kai labulen da aka haɗa a gida za a yi da ni a wurin jere. Ina tunanin in karɓi kwasan adashin wata in biya daga baya. Me kika gani?

Amsa: 'Yar'uwa, na ga abin da nake gani kowace shekara idan lokacin biki ya kama, kuma yau sai kin yi haƙuri da ni, don zan yi magana mai tsawo. Da farko, wa ya shaida miki cewa labulen nan daga Turkiyya ya fito? Bakin mai shago, da wata 'yar takarda da aka liƙa a jikin leda. Duk wanda ya saba shiga Kantin Kwari ya san cewa yadi mai yawa da ke cikin kasuwannin nan daga Sin ake shigo da shi, tun bayan da masaƙun Kaduna da na Kano suka durƙushe, kuma ya san yadda ake kwaikwayon zanen atamfar Holan har da tambarinta. Wanda ya iya kwaikwayon tambarin atamfa, buga sunan wata ƙasa a ledar labule ba zai gagare shi ba. Ba ina cewa kayan Sin duka marasa kyau ba ne, akwai mai nauyi mai ƙarko a cikinsu, kuma akwai 'yan kasuwa masu tsoron Allah da za su faɗa miki gaskiyar abin da suke sayarwa. Abin da yake ƙona mini rai shi ne a sayar wa mace yadin roba mai shara-shara da kuɗin mai kyau, ita kuma ta biya tana murna saboda sunan da aka laƙaba masa, ta koma gida ta fara zullumin ranar da mai adashi za ta aiko.

Ki bar sunan, ki gwada yadin. Ki ɗaga shi sama ki dubi hasken rana ta cikinsa: idan kina ganin yatsunki sarai, to da dare idan aka kunna fitila duk wanda ya wuce ta tsakar gida zai ga cikin ɗakin 'yarki, alhali amfanin labule na farko shi ne sutura. Ki jiƙa farin hankici ki goga a gefensa, idan launi ya biyo to zuba zai yi. Ki karce zanen zinariyar da ke jikinsa da farce, domin da yawa fenti ne aka shafa, wanki biyu ya ishe shi ya kakkaɓe. Ki roƙi ɗan ƙyalle ki je gida ki kusanta shi da ashana: auduga tana ci da wuta ta bar toka mai laushi da wari irin na takarda, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Sannan ki tafi da tef ɗinki, ki sa a auna a gabanki ba tare da an ja yadin ba, saboda na taɓa sayen yadi goma a wani shago na dawo gida na tarar da tara da ɗan kai, kuma mai shagon har rantsuwa ya yi mini.

Game da ƙawayenki kuma, ina so ki tambaye su ko akwai wadda za ta zuba miki adashin wata ɗaya. Masu zuwa ganin jere sa'a biyu suke yi su watse, su tafi gidan wani bikin su yi da wata. Wadda za ta zauna da labulen ita ce 'yarki, kuma ƙurar hunturu ɗaya da ranar bazara ɗaya sun isa su mayar da ɗan Turkiyya da ɗan gida launi guda. Da kuɗin nan za ki iya sayen yadi mai nauyi wanda kika gwada da hannunki, da sanda ta ƙarfe mai kyau, da zobba, ki haɗa kamar yadda na bayyana wa amaryar Zariya, ragowar ki sayo mata buhun abinci ko ki ƙara mata a jari. Babu baƙuwar da take ɗaga ƙasan labule don ta duba ko ɗinki ne ko gam, wadda ta yi haka kuwa ba ganin ɗaki ya kawo ta ba. Idan duk da haka zuciyarki ta kafe a kan na shagon, ki saya da kuɗin da ke hannunki bayan ya ci gwajin da na lissafa, amma ban yarda ki ci bashi saboda labule ba.

Tambaya: Na sayi labulen gwanjo a Ƙofar Wambai, mai kauri ne ƙwarai, amma ya yi tsawo yana jan ƙasa. In yanke in sa gam?

Amsa: Kin yi sayayya mai kyau, amma kada ki yanke, domin gidan da za ki koma gaba wataƙila tagoginsa sun fi tsawo. Ki wanke shi sosai ki shanya a rana tukuna. Gam ba ya riƙe yadi mai kauri irin wannan, musamman mai shafi biyu. Ki ninke rarar ta sama zuwa baya ki kama ninkin da zobba masu baki, ko ki bar ta ta faɗo ta gaba ta zama kamar geza.

Tambaya: Anti, ina da jariri ɗan wata uku, tagar ɗakinmu tana kallon yamma, daga azahar ɗakin kamar tanda, yaron ba ya iya barci. Mai gidan hayar ya hana a huda bango. Ina cikin damuwa.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya raya mana shi, kuma damuwarki tana da magani mai sauƙi. Ki yi labulen shafi biyu: farin zanin gado ko farin yadi ta wajen rana, mai duhu ta cikin ɗaki, ki kama su tare da zobba ɗaya. Fari yana mayar da hasken rana, baƙi kuwa shanye zafi yake yi ya sake shi cikin ɗaki, shi ya sa baƙin labule, idan aka rataya shi shi kaɗai, ba ya hana ɗaki yin zafi. Idan za ki samu asabari ki rataya ta waje, ya fi komai, domin yana tare rana tun kafin ta taɓa taga kuma iska tana ratsa shi. Kakanninmu ba su yi wauta ba da suka riƙe shi. Wajen ratayawa, ki ɗaure igiyar labule ko sandar a jikin ƙarfen tagar da waya, babu ruwanki da bango. Bututun roba na wayar lantarki yana iya zama sanda a ƙaramar taga, amma yana lanƙwashewa idan labulen ya yi nauyi.

Ga gargaɗina, kuma ina so ki ɗauke shi da muhimmanci fiye da duk abin da na faɗa a sama. Kada ki ajiye kaskon turaren wuta, ko maganin sauro na kunnawa, ko kyandir a ƙarƙashin taga, domin iska kaɗan ce za ta kaɗa labule ya faɗa kansu, yadin roba kuma idan ya kama wuta narkewa yake yi yana ɗiga a jiki. Ki nisantar da shimfiɗar yaron daga labulen. Idan ya fara rarrafe, ki ɗage labulen sama da inda hannunsa zai kai, ki cire duk wata igiya mai lilo da zai iya naɗawa a wuya, kuma kada ki yi amfani da fil ko ƙananan duwatsun ado a ƙasan labulen, saboda duk abin da yaro ya tsinta baki yake kaiwa.

Tambaya: Ni magidanci ne a Gusau. Tsakanin gam da kai wa tela, wanne ya fi sauƙin kuɗi?

Amsa: Malam, idan telan nan mai yawo da keke a kafaɗa yana kaɗa almakashi yana bi ta layinku, ka kira shi. Miƙaƙƙen ɗinki ne na 'yan mintuna, ladansa ba zai yi nisa da kuɗin gam ba, kuma ya fi jure wanki. Gam na wanda tela ya yi masa nisa ne, ko wadda telanta ya riƙe mata kaya tun kafin azumi. Ka dai wanke yadin ka auna tagar da kanka kafin ya iso, kuma ka tsaya a kansa lokacin da zai yanka.