Landan zuwa Tokyo: awa 12 ko awa 14?

Ɗan'uwa, ka ce lissafin da ka gani a intanet ya ba ka ƙasa da awa 12 daga filin jirgin Heathrow na Landan zuwa Haneda na Tokyo, amma tikitinka ya nuna wajen awa 14, kana tambaya wanne za ka kama. Kama na tikitin. Na bi hanyar nan a 2019, na sake binta bara, kuma bayana ne ya fara gaya mini bambancin tun kafin na duba agogo.

In a miƙe ne, tsakaninsu wajen kilomita 9,600 ne. Jirgi na cin kamar kilomita 900 a awa, ka ga inda masu lissafin suka samo nasu. To amma wannan miƙaƙƙiyar hanyar ta saman Rasha take bi, ta ratsa Sibiriya. Tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a watan Fabrairun 2022, Rasha ta rufe wa jiragen Birtaniya da na Tarayyar Turai sararin samaniyarta, na Jafan ma suka daina bi. Yanzu sai an yi zagaye. Mu a tafiya ta Turkiyya muka bi, muka haye tekun Kasfiyan, sai Kazakistan, sai Sin.

Dawowar ce ta ɗaure mini kai. Na farka cikin dare, na duba ɗan allon da ke bayan kujerar gabana, sai na ga jirginmu a kan Alaska ta ƙasar Amurka. Wallahi na ɗauka na'urar ce ta rikice. Da na tambayi ma'aikaciyar jirgin sai ta yi murmushi, ta ce gabas muka yi daga Tokyo, za mu bi ta arewacin Kanada da Girinlan mu sauko Landan. Ashe akwai wata iska mai ƙarfi can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, ita matuƙa ke gudun yin gaba da gaba da ita. Duk da dabarar, mun haura awa 14.

Kada kuma lokacin da ke jikin tikiti ya ruɗe ka, agogon kowane gari ake rubutawa. Tokyo na gaban Landan da awa 9 a lokacin sanyi, 8 in Birtaniya ta matsar da agogonta a bazara. Ka tashi ƙarfe 9 na safe, ka ga an rubuta sauka ƙarfe 8 na safiyar washegari, ba awa 23 za ka yi a sama ba.

Ka nemi kujerar bakin hanya, ka sa takalmi mai saki, don ni da ƙyar nawa ya koma ƙafata da muka sauka. Sannan ka sake duba tikitin da kyau ko Haneda ne ko Narita, ɗayan filin jirgin Tokyo, domin Narita na da nisan kusan kilomita 60 daga tsakiyar birni.