Tsakanin lose da loose

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka tambaya ko lose da loose kalma ɗaya ce da ake rubutawa iri biyu. A'a, kowacce da gidanta, ko a baki ma sun bambanta: lose ana faɗinta luz, loose kuwa lus.

Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, kuma da wuya in duba insha'in 'yan ajin ƙarshe masu shirin WAEC da NECO ban zagaye wannan da jan biro ba. Har manya masu digiri, duba Facebook ranar da ake buga ƙwallo, za ka ga "they will loose" ta cika ko'ina.

Lose aikatau ce. Ka ɓatar da abu, ka yi asara, ko a kayar da kai a wasa ko a zaɓe. In abin ya riga ya faru sai ta koma lost, asarar kanta kuma loss. Loose kuwa galibi sifa ce, tana bayyana abin da ya yi sako-sako: wandon da tela ya buɗa wa ƙugu har yana zamewa, notin babur da bai ɗauru ba, haƙorin yaro da ke girgiɗi, akuyar da ta tsinke igiya tana yawo a unguwa. In kai ne za ka sassauta abin, loosen za ka ce.

Ni dai ba na ganin laifin yaran sosai. Choose ce ke ruɗa su, tana da o biyu kuma da sautin z ake ƙarasa faɗinta, to da kunne ya ji luz sai hannu ya zuba o biyu. Waya ma ba za ta ja maka layi ba, tunda duka biyun kalmomi ne na gaskiya.

Dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce su cire kalmar su sa tight a gurbinta. In jimlar ta zauna daidai, ma'ana kawai ta juye, loose ce. In ta wargaje, lose ce. Gwada da "I don't want to lose my job", ka ga tight ba ta da wurin zama. Wanda aka cinye shi ma loser ne, o ɗaya. Looser na nufin abin da ya fi wani sako-sako.